Wane karatu ne ke kai mutum ga aikin inabi da masana'antar giyarsa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana gona da kimiyyar abinci na wannan zaure su warware mana wani abu. Yaranmu masu neman gurbin karatu a waje suna yawan cin karo da kwas mai suna Viticulture and Oenology a Faransa, Afirka ta Kudu, Amurka da Ostareliya. Wasu suna cike takarda ba su san cewa rabinsa horon haɗa giyar inabi ba ne. Me ake so mutum ya karanta kafin a ɗauke shi, me ake koyarwa a ciki, kuma wane aiki yake kaiwa? A yi mana dalla-dalla, yaro ya san abin da yake nema kafin ya sa hannu.

Dakta Mai Sinadarai:
Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. Fanni biyu ne aka ɗaure wuri guda. Na farko noman kurangar inabi: ƙasa, ruwa, auren dashe, aski, cuta, girbi. Na biyu, inoloji, shi ne abin da ake yi wa 'ya'yan daga matsa har kwalba. Na farko aikin gona ne, na biyu kuwa kemistiri ne da ilimin ƙananan halittu.

Ƙasar da ta fi tsaurara ƙa'ida ita ce Faransa. Tun 1955 doka ta keɓe sunan masanin inoloji, ba ka amsa shi sai kana da takardar da suke kira DNO. Shekara biyu ake yi, a matakin digiri na biyu, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya gama digirin farko a kemistiri, bayoloji, bayokemistiri ko aikin gona. Ana yinta a Bordo, Dijon, Mompeliye, Rems da Tuluz. Ƙasa da ita akwai takardar BTSA ta noman inabi da inoloji, shekara biyu bayan sakandare, wadda take fitar da masu kula da gona da shugabannin ma'aikatan rumbun giya. Mai BTSA sai ya ƙara shekara guda ya cika digiri kafin ya nemi DNO.

Amurka ba ta da irin wannan dokar. Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ce uwa a wurinsu. Majalisar jihar ta umarci jami'ar ta fara binciken inabi tun 1880, sashen kuma ya kafu a Debis a 1935, bayan an ɗage dokar hana barasa a 1933. Mai neman digiri na biyu a can sai ya nuna ya ci kemistiri na gama-gari, oganik, bayokemistiri, maikurobayoloji, fiziks, kalkulas da ƙididdiga. Wanda ya rasa ɗaya sai ya cike shi tukuna.

Ɗan Samaru:
Dakta ya faɗi daidai, in ƙara sauran. Jamus tana da makarantar Gaizenhaim a gaɓar kogin Rayin, an kafa ta a 1872 domin 'ya'yan itace da inabi. A can Hermann Müller ya haɗa irin da ake kira Müller-Thurgau a 1882. Ostareliya tana da Jami'ar Adeled, wadda ta gaji kwas ɗin kwalejin Roseworthy da aka fara a 1936, sai Jami'ar Charles Sturt da ke koyarwa daga nesa ga masu aiki. A nahiyarmu Jami'ar Stelenbos ta Afirka ta Kudu ce gaba, digirin aikin gona na shekara huɗu. Farfesanta na farko a noman inabi, Abraham Perold, shi ya haɗa irin inabi na Pinot Noir da Cinsaut a 1925 aka sami Pinotage. Kusa da ita akwai kwalejin Elsenburg, wadda ta fi ba da ƙarfi ga aikin hannu.

Amma Dakta, ina ganin ka ɗan fifita kemistiri. Inabin da aka lalata a gona, babu ɗakin gwajin da zai gyara shi. Shi ya sa ɗan aikin gona yake shiga wannan fanni da ƙafar dama.

Dakta Mai Sinadarai:
Ban musa ba, Malam. Sai dai a duba inda ɗalibai suke faɗuwa. Ga abin da ake tsammanin ɗan aji biyu ya iya yi da hannunsa.

A tsinko ƙwaya 100 zuwa 200 daga layuka daban-daban, ɓangaren rana da na inuwa, sama da ƙasan nono. A matse, a auna sukari da na'urar rifraktomita, a ma'aunin da ake kira Brix. Inabin giya ana girbe shi wajen Brix 22 zuwa 25, na ci kuwa tun daga 16 zuwa 18. A auna pH, wato ƙarfin asid ɗin ruwan, ana son 3.2 zuwa 3.6. A auna tsami ta hanyar ɗiga sodiyam haidroksaid mai ƙarfin 0.1, abin da ake nema giram 6 zuwa 8 a lita. Ko a nan akwai tarko. Amurkawa suna tsayawa a pH 8.2 su rubuta sakamako da ma'aunin tatarik asid, Faransawa suna tsayawa a pH 7 su rubuta da ma'aunin salfurik. Giram 4 na Faransa ya kai kusan 6 na Amurka, ana ninkawa da 1.53. Wanda bai san wannan ba zai zuba tsami a ruwan da ba ya bukata.

Sai salfa dayoksaid, maganin da ke hana ruwan lalacewa. Ƙarfinsa ya rataya a kan pH. A 3.2, miligiram 21 a lita ya wadatar. A 3.6 sai wajen 50. A 3.8 sai kusan 80, lokacin kuma har warinsa ya fito. Garin fotasiyam metabaisalfait da ake amfani da shi kashi 57 cikin 100 ne kawai yake zama salfa dayoksaid, dole a yi wannan lissafin kafin a auna. Wanda bai zauna da kemistirin asid da kyau ba, haddar tebur kawai zai yi, ranar da ruwan ya saɓa wa tebur sai ya rikice.

Maman Sadiƙ:
Ni ta ɓangaren ƙananan halittu zan shigo, domin ɗaliban maikurobayoloji suna samun gurbi a wannan fanni, kuma da yawa ba su sani ba. Aikin Louis Pasteur na shekarun 1860 a kan dalilin da ya sa giyar inabi take tsami ta lalace yana cikin tushen fanninmu gaba ɗaya. Dumama madara da muke yi yau daga can ya samo asali.

Abin da ake koyarwa shi ne yadda yis, Saccharomyces cerevisiae, yake cin sukari ya fitar da barasa da iskar kabon dayoksaid da zafi. Kusan giram 17 na sukari a lita ne yake ba da kashi 1 na barasa. Matsalar da aka fi jarraba ɗalibi a kanta ita ce tsayawar tsimi a tsakiya. Dalilanta sanannu ne. Ko dai naitirojin ɗin da yis zai ci ya gaza, ƙasa da miligiram 140 a lita, sai ya yi rauni ya fara fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ko zafin tanki ya haura digiri 35, ya kashe shi. Ko sukarin ya yi yawa tun farko, barasar da ya haifar ta kashe shi kafin ya gama. Shi ya sa ake riƙe farin ruwa a 12 zuwa 18, ja a 25 zuwa 30, da tankin da ruwan sanyi yake zagaya jikinsa.

Bayan yis akwai bakteriya Oenococcus oeni mai mayar da malik asid zuwa laktik, tsami ya yi laushi. Akwai Acetobacter, wadda in iska ta shiga tankin da ba a cika ba take mayar da komai khal. Akwai Brettanomyces da ke maƙale a ramukan katakon ganga, tana da wuyar fita. Ɗalibin da ya iya shuka ƙwayoyi a faranti, ya ƙirga su a madubin gwaji, ya bambance su, ya riga ya yi nisa.

Malam Na Zaure:
Jama'a, kafin a zurfafa, a faɗa wa yaran gaskiyar da ta fi duk wannan muhimmanci a wurin Musulmi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Wato ba mai sha kaɗai ba ne. Aikin da Dakta da Maman Sadiƙ suke bayyanawa, in an yi shi domin a fitar da giya, ya shiga ciki kai tsaye. Malamai sun yi magana har a kan sayar da inabi ga wanda ka tabbatar giya zai yi da shi. Noman inabi kansa halal ne, Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomi. Tambayata ga masana: ana iya raba biyun a makaranta, ko dole sai an haɗa?

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri, Malam, tambayar ta zo a kan gaɓa. A yawancin makarantun da aka lissafa ba a rabawa a digirin farko. A DNO kuwa babu ma zancen rabawa, domin ɗanɗano darasi ne na dole mai jarrabawa. Ana kurɓa a juya a baki a tofar, kuma ana bukatar ɗalibi ya yi horo a rumbun giya lokacin girbi. Haka abin yake a kwas ɗin Vinifera na Turai, wanda ake shekarar farko a Mompeliye da Turanci. Kada yaro ya tafi da zaton zai roƙi a ɗauke masa.

Inda ake rabawa akwai. Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Firesno tana da digirin noman inabi daban, na inoloji daban, kuma yankin cibiyar zabibi da inabin ci ne. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce mutum ya yi digirin lambu da 'ya'yan itace, sannan ya ɗauki inabi a binciken digiri na biyu, ya zaɓi malamin da aikinsa inabin ci ne. Masar, Turkiyya da Indiya duk suna da manyan masana'antun inabin ci ko zabibi da masu bincike a kansu. Indiya ta kafa cibiyar binciken inabi ta ƙasa a Pune a 1997. A karanta jerin darussan kwas ɗaya bayan ɗaya kafin a nema, kada a tsaya a sunansa.

Yakubu Mai Injin:
Ni Kirista ne, don haka hukuncin da Malam ya kawo bai hau kaina ba, amma ina girmama shi, kuma gara a faɗa tun yanzu. Ga wanda zai bi hanyar har ƙarshe, ga yadda matakan aikin suke, domin takarda ba ta mayar da kowa shugaban rumbu ranar da ya gama.

Ana farawa ne a leburan rumbu na lokacin girbi, wata biyu zuwa uku, sau da yawa awa 12 a rana. Mafi yawan aikin wanki ne: a zagaya ruwan soda mai kashi 1 zuwa 2 a tanki ya narkar da dattin tatarat, a ɗauraye, a bi da sitirik asid ya kashe sodar, a gama da maganin kashe ƙwayoyi. Sai jan tiyo, haɗa famfo, tuƙa motar ɗaga kaya. Arewacin duniya yana girbi daga Agusta zuwa Oktoba, kudanci daga Fabrairu zuwa Afrilu, shi ya sa matasa suke yin girbi biyu a shekara, ɗaya a Faransa ko Kalifoniya, ɗaya a Afirka ta Kudu, Cile ko Niyu Zilan. Daga nan sai ɗakin gwaji, sai mataimaki, sai shugaba.

Abin da ke kashe mutane a wannan aikin iska ce. Lita ɗaya ta ruwan inabi mai giram 200 na sukari tana fitar da kusan lita 50 ta kabon dayoksaid. Ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan tanki da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba a ganinta. Mutum ya sunkuya ya leƙa sai ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Ƙa'ida ita ce a hura iska da fanka, a auna da na'ura, a ɗaura igiya, wani ya tsaya a waje. Masu karatun injiniyan sinadarai da injiniyan abinci suna da daraja a manyan kamfanoni saboda sun san sanyaya, tacewa, famfo da layin cika kwalba.

Hajiya Mai Lambu:
Ƙanena Yakubu, tunda Dakta ya ce a Amurka ba doka, ke nan digirin ba dole ba ne?

Yakubu Mai Injin:
Ba dole ba ne a doka, Hajiya. Akwai waɗanda suka karanta tarihi ko kasuwanci suka hau ta hanyar girbi bayan girbi, suka cike da gajerun kwasa-kwasai, akwai kuma 'ya'yan gado. Amma baƙo daga Afirka ba shi da gonar uba a can, kuma bizar horo ta fi samuwa ga ɗalibi ko wanda bai daɗe da gama karatun fannin ba. A wurinsa takarda ce ƙofa. A kuma kula da takardun makarantar giya ta WSET da ke Landan da lambar Master of Wine. Waɗannan na masu saye da sayarwa da masu aikin otal ne, ba sa koya wa mutum sarrafa tanki ko kula da gona.

Ɗan Hunƙuyi:
Ni abin da yake damuna daban ne. Mu a Kudan ta jihar Kaduna ana noman inabi, a Timiya ta tsaunukan Ayar ma akwai shi a lambuna. Wanda ya karanta a Bordo ko Gaizenhaim an koya masa kurangar da take barci da hunturu, ta farka da bazara, ta ba da 'ya'ya sau ɗaya. Tamu ba ta barci, saboda babu sanyin da zai kwantar da ita. In aka bi littafin Turai sai ta yi ta ganye, idanun reshe su ƙi buɗewa tare, 'ya'ya su nuna a rarrabe.

Tsarin da ya dace da mu na Nashik ne a Indiya, aski biyu girbi ɗaya. A Afrilu a yi askin tushe, a bar ido ɗaya ko biyu a kowane reshe, a rena sababbin rassa. A Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, a yi askin 'ya'ya. Cikin kwana biyu da askin a shafa haidirojin sayanamaid a idanu biyu ko uku na ƙarshen reshe, shi ne yake maye gurbin sanyi ya sa su buɗe lokaci guda. Guba ne mai ƙona fata, Tarayyar Turai ta hana shi, sai da safar hannu da tabarau, kuma ba a fesa shi ana iska. Daga askin zuwa girbi wata huɗu zuwa biyar, 'ya'ya su nuna a rani. Duk hikimar ke nan: kada fure ko nunar 'ya'ya su haɗu da damina. In suka haɗu, fumfunar ganye ta Plasmopara za ta cinye fure, ruwa kuma ya fasa ƙwaya ta ruɓe.

Maganin gargajiya na wannan fumfuna shi ne haɗin Bordo, wanda Millardet ya fito da shi a 1885: kilo 1 na kofa salfet, kilo 1 na laim, wato farar ƙasa, lita 100 na ruwa. A narkar da kowanne daban a robar filastik, a zuba ruwan kofa cikin na laim ana juyawa. A tsoma sabuwar ƙusa, in ta ɗauki jan launi to laim bai isa ba, zai ƙona ganye. A fesa ranar da aka haɗa.

Wanda yake son ya amfani manoman nan, Pune ko cibiyar Embrapa da ke Petrolina a Burazil ko ta Makutupora kusa da Dodoma a Tanzaniya sun fi masa Bordo kusa da gida.

Dakta Mai Sinadarai:
Na yarda da Ɗan Hunƙuyi a kan lokacin aski, amma kada a zubar da ilimin Turai duka. Auren dashe a kan saiwar Amurka daga can ya fito, bayan ƙwaron filoksera ya halaka gonakin Faransa daga shekarun 1860. Saiwar Dogridge da 110R da Indiyawa suke amfani da su saboda fari da gishirin ƙasa 'ya'yan wannan aikin ne. Gwajin ganye don gane abin da kuranga ta rasa, lissafin ban ruwa, ilimin cuta, duk ɗaya ne ko'ina. Abin da ake canzawa kalanda ce.

Maman Sadiƙ:
Ga amsar Malam Na Zaure ta ɓangaren sarrafawa. Ilimin da ake tayar da tsimi da shi, da shi ake hana shi. Thomas Welch a 1869 ya dumama matsattsen inabi domin kada ya zama giya, daga nan sana'ar lemon inabi ta tashi. Mai yin lemon yana bukatar Brix, pH, tsami, tsabtar tanki, duk abin da Dakta ya lissafa. Ana dumamawa wajen digiri 85 a cika kwalba da zafinsa. Kafin nan a ajiye shi kusa da sifili na wasu makonni, gishirin tatarat ya kwanta a tace, in ba haka ba zai fito a gindin kwalba mai saye ya zaci fasasshen gilashi ne. Kwalbar da ta kumbura kuwa yis ne ya tsira, ko zafi bai kai ba ko murfi bai kama ba.

Zabibi: kilo 4 na ɗanye yana ba da kusan kilo 1. Ana tsoma nonon a ruwa mai kashi 2.5 na fotasiyam kabonet da kashi 1.5 na man tsomawa na 'yan mintuna, ya buɗe kakin da ke bayan ƙwaya, a shanya a inuwa mai iska har danshi ya sauka wajen kashi 15. Inabin ci kuma a sanyaya shi ranar da aka tsinka, a ajiye a sifili da danshin iska 90 zuwa 95, da takardar salfa a cikin kwali saboda fumfunar Botrytis. In an yi jinkirin sanyaya, sandar nono ta bushe ta yi ruwan ƙasa, ƙwaya ta fara zuba, farashi ya faɗi. Khal kuwa sai ya bi ta barasa kafin ya zama khal, hukuncinsa a tambayi malamai. Wannan duk digirin kimiyyar abinci yana ɗauke da shi, ba sai an shiga ajin ɗanɗano ba.

Abban Hanifa:
Madalla. To yaron da yake sakandare yanzu a Kano ko Maraɗi, me zai riƙe?

Ɗan Samaru:
A Najeriya ya riƙe kemistiri, bayoloji ko aikin gona, fiziks da lissafi, ya samu kiredit a WAEC ko NECO. In gona yake so, digirin aikin gona na shekara biyar a irin su Jami'ar Ahmadu Bello, ya karkata ga lambu ko kare amfanin gona, ya nemi horon aikinsa a gonar inabi ko a tashar NIHORT, cibiyar binciken lambu ta ƙasa, da ke Bagauda ko Dadin Kowa. In sarrafawa yake so, kimiyyar abinci a Bayero, Wudil ko Maiduguri, ko maikurobayoloji, ko bayokemistiri. Ya kula da sunan sashe a nan gida ma: na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ya haɗa maikurobayoloji da haɗa giya. Ɗan Nijar ya yi bakaloriya ta kimiyya, ya shiga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdou Moumouni, Faransancinsa zai sauƙaƙa masa neman gurbi ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje.

Kuma ya adana cikakken bayanin kowane darasi da ya yi, da yawan awannin ɗakin gwaji. Makarantun waje suna tambaya, kuma oganik kemistiri da ƙididdiga su ne aka fi samun giɓi a takardun ɗaliban aikin gona. In akwai damar zaɓi a aji biyu ko uku, ya ɗauke su tun yana ciki, domin cike su bayan an gama yana cin kuɗi da shekara guda.